Ɗigo Ɗaya a Kan Gilashi

Kafin rana ta hau madatsar Dadin Kowa
na goge gilasaina, na jera allura.
Layi ya kai gindin dalbejiya,
kowa da takarda, kowa da magana guda:
wai jini ya yi ƙasa.
Kukan ɗaya ne, ɓarayin ne da yawa.

Innawuro ta fara miƙo yatsa,
ciki na bakwai, na shida yana goye.
Na ja fatar idonta, fari fat kamar cikin ƙwarya.
Ta ce farar ƙasa take marmari,
tana gutsura a ɓoye bayan rumbu.
A madubi ƙwayoyinta ƙanana, sun koɗe
kamar atamfar da ta sha wankin shekara goma.
Nonon shanunta kasuwa yake tafiya,
hanta kuwa sai Babbar Salla.

Sai Hammadu, ɗan sha ɗaya,
mai korar tsuntsaye a fadamar shinkafa.
Fitsarinsa ja, abokai na masa kirari,
wai ya zama namiji.
Tsargiya ce. Huda ce a gindin tulu:
uwa na zubawa ta baki, ruwan na bin ƙasa.

Jaririyar Laraba ba ta yi kuka ba
da na soki diddigenta.
Shirun nan nake tsoro.
Zazzaɓin sauro ya shiga kowace ƙwaya,
ya yi ɗaki, ya hayayyafa, ya fasa ya fice
kamar ƙwaro a buhun wake.

Baffa Yerima, tsohon direban siminti,
ƙafa na masa tafiyar kiyashi, harshe sumul.
Nasa ƙwayoyin manya-manya, 'yan kaɗan.
Ya leƙa ya ce, to ai sun ƙoshi!
Na ce Baffa, kumburi daban, ƙiba daban.

Akwai gilashin da ba na son ɗorawa.
Na 'yata ne, Dudu.
Nata ƙwayoyin lauje ne,
jinjirin watan da ba ya cika,
suna cushewa a jijiya
kamar tireloli biyu a ƙaramar gada.
In hadari ya haɗu sai ta riƙe gwiwa,
ta ciji filo don kada ta tashe mu.
Maƙwabta sun ce maita.
Na ce ku zo ku leƙa, ba wanda ya zo.
Ƙotar laujen daga wurina take, bakin daga uwarta.
Ba a gwada mu ba aka shafa fatiha.
Ita ta kawo ni wannan aiki,
na shiga makaranta da furfura a gemu
don in ga fuskar abin da ke cizon ta.

La'asar ta yi, firij wayam.
Jaririyar Laraba na jiran leda ɗaya.
Kawunta ya ce jini in ya fita ba ya dawowa,
ya fita neman canji, shi ma bai dawo ba.
Sai Malam Gidado mai gadi
ya jingina sandarsa, ya naɗe hannun riga.
Bai tambayi 'yar wane ce ba,
ya ce a dai haɗa masa shayi mai kauri.

Na zauna ina ƙirga ɗigon da ke sauka.
Wajen isha leɓɓanta suka fara ja.
Ta tsala kuka har ɗakin haihuwa aka ji,
Laraba ta yi dariya da hawaye.

Na rufe madubi da ƙyalle,
na sa maganin Dudu a aljihu.
Na san tana bakin ƙofa, za ta ce:
Baba, yau mutum nawa?
In ce arba'in da uku.
Ta ce, masu irin nawa fa?
In cire takalmi a hankali,
in ce biyu.